Kulorokwin: Daga Zazzaɓin Damina Zuwa Cutar Lufus



Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Minjibir ya san kulorokwin: ga ɗaci kamar maɗaci, ga ƙaiƙayin da ke hana wasu barci. Da damina ta sauka, sauro ya yawaita, shi ake nema a kyamis. A 2005 Najeriya ta cire shi daga sahun farko na maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Sai dai labarinsa bai ƙare nan ba.

A 1934 aka fara haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus. Lokacin yaƙin duniya na biyu, likitoci sun lura sojojin da ke shan irin waɗannan magunguna suna samun sauƙin ciwon gaɓɓai da ƙurajen fata. A 1955 aka fito da ƙaninsa, haidiroksikulorokwin, wanda har yau shi ne ginshiƙin maganin lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita.

An daɗe ana ba da shi kafin a gane sirrinsa. Binciken Jules Hoffmann a kan ƙuda a 1996, da na Bruce Beutler a kan ɓera a 1998, su suka bayyana aikin wasu 'yan gadi da aka haife mu da su, ana kiran su TLR. Sun karɓi kyautar Nobel a 2011. Biyu daga cikin 'yan gadin, TLR7 da TLR9, suna zaune a wata 'yar jaka cikin ƙwayar halitta, suna sunsuno baƙo. A jikin mai lufus, ɗan gida suke ɗauka ɓarawo, su yi ta kururuwa. Maganin yana taruwa a jakar, ya rage musu ihu.

Kusan tara cikin goma na masu lufus mata ne, akasari a shekarun haihuwa. To mu duba littattafanmu: amarya ta kumbura gaɓɓai, gashi na zuba, ƙuraje sun fito a kumatu, nan take mu ɗora wa kishiya asiri. Mai karatu a ƙauye ta ga alamun a jikinta, ta nufi wajen boka, cutar kuwa tana cin ƙoda a ɓoye.

Ko sau ɗaya ne, mu kai jarumarmu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a gwada jininta. Kada kuma ta saya da kanta a kyamis, domin daɗewa ana shan sa ba kulawar likita yana iya taɓa ido.