Landiroba: Daga Rangadin Di'o Zuwa Sikelin 'Yan Gwangwan

A makon jiya na tarar da 'yan gwangwan suna sassare wata tsohuwar Landiroba a wani gareji da ke Kawo. Mai garejin, dattijo ne mai furfura, ya ce da ni: "Yaro, wannan ta girmi babanka." Kafin la'asar an ɗora ta a sikeli.

An fara nuna Land Rover ga duniya a shekarar 1948, a baje kolin motoci na birnin Amsterdam. Injiniyan kamfanin Rover na Ingila, Maurice Wilks, ya ɗauko fasalinta daga jif ɗin sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarfe ya yi tsananin wuya bayan yaƙin, sai aka yi gangar jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa.

Da ta iso Arewa, lokacin Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa, kuma kwalta ba ta kai yawancin garuruwa ba. Ita ta riƙa kai Di'o rangadi, ta kai malaman gona, malaman dabbobi da ma'aikatan En'e ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga da damina. 'Yan siyasar Jamhuriya ta Farko ma da ita suka ratsa karkara neman ƙuri'a. Daga baya, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, tsallaken kogi, a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama jakunan 'yan kasuwa.

A Ingila, akwai masu tara irin waɗannan motoci suna gyarawa, har ɗaya daga cikin na farko-farko, mai lamba HUE 166, tana ajiye a gidan tarihin motoci na Gaydon. Mu kuwa, alminiyam ɗin da ya hana ta ruɓewa shi ya zama ajalinta: a narka shi a wurare irin su Tsohuwar Panteka, a zuba tukwane. Ba na ganin laifin maƙera, abincinsu suke nema. Amma duk wadda aka narka, an narka ta ne da tarihinta.

Yawancinmu ba mu da kuɗin sayen tsohuwar mota, amma muna da biro da waya. Tsofaffin direbobi da kanikawa suna nan a Kawo, Unguwar Kanawa da Tudun Wada. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaya: wa ya tuƙa ta? Wane rafi ta taɓa maƙalewa? Me yaran mota ke kiran kowane ƙarfe nata? Ku ɗauki hoton lambarta, ku rubuta amsoshin da bakin mai magana.

Dattijon Kawo ya ce in koma ranar Asabar bayan azahar. Mai son raka ni ya yi magana a ƙasa.