Tarihin Al'adar Fifikon Siniya da Cin Zalin Ɗalibai a Ƙasar Gumel

Cin zali tsakanin ɗalibai, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin Dan Olweus ya fayyace shi bayan binciken da ya fara a shekarun 1970, shi ne cutarwar da ake yi da gangan, ake kuma maimaita ta, daga wanda ya fi ƙarfi ko matsayi zuwa ga wanda ba shi da ikon kare kansa. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na arewacin jihar Jigawa, tarihin wannan ɗabi'a yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin yadda manya suka riƙa damƙa wa yara ikon kula da yara 'yan'uwansu, da kuma yadda sa idon manya a kan wannan iko ya riƙa raguwa daga zamani zuwa zamani.

Tun kafin zuwan Turawa, tarbiyya a wannan yanki ta ginu ne a kan girmama na gaba, har Hausawa suka ce bin na gaba bin Allah, amma kuma suka ɗora wa na gaban nauyin haƙuri da cewa babba juji ne. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a ƙarni na 18, ta daɗe tana da alaƙa da Borno, kuma ta gaji tsarin tsangaya irin na gabas, inda almajirai suke hawa-hawa: ƙolo shi ne ƙaramin yaro sabon shiga, titibiri shi ne wanda ya fara tasawa, gardi kuwa shi ne saurayin da ya yi nisa a karatu. Gardi yana biya wa ƙolo allo, yana tashinsa karatun asuba, yana aikensa itacen da za a hura wutar karatun dare, kuma yana iya yi masa bulala. Babu shakka an sami gardawan da suka wuce gona da iri, har suka riƙa karɓe abincin da ƙolaye suka samo, sai dai alaramma yana kwana yana tashi a cikin almajiransa, kuma tsangayar tana kusa da jama'ar gari, saboda haka kukan yaro ba ya rasa kunnen da zai ji shi.

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Kano a 1903, sun shigo da wani tsari na daban. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma malaman da suka tafiyar da makarantun kwana na wancan zamani sun kwaikwayi tsarin makarantun 'ya'yan manya na Ingila. A can, tun zamanin Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, an ƙarfafa tsarin firfet, wato ɗalibin babban aji da hukumar makaranta take naɗawa ya kula da ladabin sauran, tare da wata tsohuwar al'ada da ta wajabta wa ƙaramin ɗalibi yi wa babba hidima. Sa'ad da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, inda tashar jirgin ta haifar da garin da ake kira Gagarawa Tasha, hanya ta buɗe ga gyaɗa da fatake, ta kuma sauƙaƙa wa 'yan tsirarun yaran da suka gama elemantare tafiya makarantun kwana na nesa, irin su Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. A irin waɗannan makarantu ne girman shekaru ya koma girman aji, aka sami siniya, wato ɗalibin ajin sama, da juniya, wato na ajin ƙasa.

Matuƙar ɗalibai ba su da yawa, malamai suna iya sanin kowane yaro da sunansa da na mahaifinsa. Lamarin ya sauya bayan shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, wanda ya tura dubban yara zuwa sakandare cikin 'yan shekaru, ya kuma sa tsohuwar jihar Kano ta yawaita makarantun kwana da kwalejojin horon malamai, kafin a yanke jihar Jigawa daga cikinta a ranar 27 ga Agusta, 1991. Yawan ɗalibai ya zarce yawan malamai, sa'an nan matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya rage abinci da kayan aiki, ta yadda da zarar an tashi daga aji, mulkin ɗakunan kwana yakan koma hannun 'yan ajin ƙarshe gaba ɗaya.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a wancan zamani sun san yadda ranar ɗan aji ɗaya take kasancewa. Yakan tashi tun kafin kiran sallar asuba ya bi layin rijiya ko famfo da bokiti, ya cika wa siniyansa ruwan wanka kafin ya nemi nasa, ya wanke masa kayan makaranta ya goge da dutsen guga na gawayi, sa'an nan ya karɓo masa abinci daga ɗakin cin abinci. Garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙulin da uwarsa ta ɗaure masa a cikin akwatin ƙarfe sukan ƙare a makon farko, ba kuma shi ya ci rabinsu ba. Idan ya yi gardama, akwai gwale-gwale, wato horon wahalar da jiki kamar tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a kan tsakuwa cikin rana. Abin da ya raya al'adar shi ne alƙawarin da ke cikinta, domin ana gaya wa yaro ya yi haƙuri, wata rana shi ma zai zama siniya ya rama a kan na baya, kuma iyaye da yawa sun ɗauki wannan wahala a matsayin wani ɓangare na tarbiyya, suna ganin ita ce take sa yaro ya zama namiji.

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, da yaɗuwar intanet da dandalin Facebook da WhatsApp da TikTok daga baya, sun ƙara wa tsohuwar cuta sabon fage. A dā cin zali yana da iyaka, domin yana ƙarewa a ƙofar makaranta, kuma hutu yana raba mai zalunci da wanda ake zalunta. Cin zali ta intanet, wato amfani da waya ko kwamfuta wajen zagi ko barazana ko tozarta mutum, ba ya sanin hutu. Laƙabin tsokana da zambo da habaici, waɗanda dā ba sa wuce aji ko dandali, yanzu ana rubuta su a zauren WhatsApp na 'yan aji, kuma hoton yarinya da aka ɗauka ba da saninta ba yana iya zagaya Gumel da Maigatari cikin dare ɗaya. A al'ummar da mutuncin budurwa yake da alaƙa da aurenta da sunan gidansu, irin wannan tozarci yana iya sa iyaye su cire 'yarsu daga makaranta, alhali ita aka zalunta.

Duniya ta farga da girman matsalar. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin kowane uku yana fuskantar cin zalin 'yan'uwansa aƙalla sau ɗaya a wata. Ƙasar Burazil ta kafa shirin yaƙi da wannan ɗabi'a da dokar 2015, sa'an nan a Janairun 2024 ta mayar da cin zali, na ido da ido da na intanet, laifi a kundin hukunta laifuffukanta. A Nijeriya akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata ya shafi barazana da tsangwama ta saƙonni, kuma a 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sanya hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara ta jihar Jigawa.

Darasin wannan tarihi shi ne cewa daga tsangaya zuwa makarantar kwana zuwa wayar hannu, zalunci yana tsananta ne a duk inda aka bar yara da iko a kan yara ba tare da idon babba ba. Doka ba ta kwana a ɗakin ɗalibai, saboda haka wajibi ne a wadata makarantun ƙasar Gumel da malaman da za su zauna kusa da ɗakunan kwana, a taƙaita ikon firfet ga tsari ban da duka, a buɗe wa ƙaramin ɗalibi hanyar kai ƙara ba tare da tsoron ramuwa ba, iyaye kuma su riƙa bibiyar abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu. Musulunci ya haramta zalunci ga babba da yaro, kuma daɗewar al'ada ba ta halatta shi.