Kisan Jinƙai: Yadda Laifi Ya Zama Doka A Turai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa matasa, abin da ake kira kisan jinƙai shi ne likita ya ƙarasa ran majinyaci da allura, ko ya ba shi maganin da zai sha ya mutu, da hujjar cewa azabar ciwo ta yi masa yawa. Yana da kyau mu san ta inda wannan al'amari ya biyo.

Tun zamanin Girkawan da, rantsuwar likitoci da ake jingina wa Hippocrates ta hana ba mutum guba ko da shi ya roƙa. A Ingila an kafa ƙungiyar neman halatta shi a 1935, amma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin a 1936. Sai ga Jamus a 1939, inda Hitler ya ba likitoci izinin kashe naƙasassu da masu taɓin hankali. Kafin Agustan 1941 an hallaka kimanin mutum 70,000, babu wanda aka nemi yardarsa. Wannan ta'asa ta sa bayan yaƙi maganar ta yi sanyi na tsawon shekaru.

A ƙasar Holan ta sake farfaɗowa. A 1971 wata likita, Geertruida Postma, ta yi wa mahaifiyarta allurar da ta kashe ta, bayan tsohuwar, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ta yi ta roƙon haka. A 1973 kotu ta same ta da laifi, amma ɗaurin mako ɗaya kacal aka yanke mata, shi ma na jeka-ka-gyara-halinka. Daga nan kotuna suka riƙa sassautawa. A 1994, a shari'ar likita Chabot, Kotun Ƙoli ta yarda cewa ƙuncin zuciya ma yana iya zama hujja, ko da jiki lafiya lau yake. A 2002 doka ta fara aiki, kuma Beljiyam ta bi sahu a shekarar, sannan a 2014 ta cire iyakar shekaru. Kanada ta halatta a 2016, a 2021 kuma ta soke sharaɗin cewa sai mutuwar majinyaci ta kusanto.

Ku dubi lissafi. A 2002 mutum 1,882 aka ba da rahoton sun mutu ta wannan hanya a Holan. A 2023 sun haura 9,000. Masu goyon baya suna cewa mutum yana da iko da ransa, kuma sharuɗɗa suna nan. Amma tsohon da yake ganin ya zame wa iyalinsa nauyi, shin da son ransa yake neman mutuwa, ko kuwa kunya ce ta tura shi?

Malaman Musulunci ba su yi shiru ba. Taron likitancin Musulunci na Kuwait a 1981 ya haramta kisan jinƙai, domin rai amana ce, kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Sai dai sun bambance kisa da barin ajali ya yi aikinsa. Majalisar Fiƙihu da ta zauna a Amman a 1986 ta halatta cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya. Haka kuma ba majinyaci maganin rage raɗaɗi halal ne, matuƙar ba kisa aka nufa ba.

To, haramtawa kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya ce wa mara lafiya ya yi haƙuri, wajibi ne ya zauna kusa da shi, ya nema masa magani, ya ɗauke masa kaɗaici. Da yawa masu roƙon mutuwa, zafin ciwo da rashin mai kula ne suke gudu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin.