Daga Alƙalamin Malamai Zuwa Labarin Shaihu Umar

Duk wanda ya ga yadda matasan marubuta na wannan zamani suke komawa ga tarihi, wasu suna tattara labarin masarautu, wasu kuma suna gina ƙagaggun labarai a kan yaƙe-yaƙen dā, ya kamata ya sani cewa hanyar da suke bi tsohuwa ce, malamai ne suka share ta da tawada da alƙalamin kara tun kafin a san boko a ƙasar Hausa. A shekarar 1812 Muhammadu Bello ya wallafa Infaƙul Maisuri, baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya biyo da Tazyinul Waraƙati a 1813, dukansu da Larabci, suna bayyana sababin jihadi da yadda al'amuransa suka gudana. A Kano ma wani malami ya tara riwayoyin fada ya jera sarakuna tun daga Bagauda, ya ambaci Barbushe da Dutsen Dala, ya lissafa abubuwan da Muhammadu Rumfa ya ƙaga, har da Kasuwar Kurmi. Amma fa waɗannan littattafai, duk da ɗimbin fa'idarsu, ba su wuce zaurukan ma'abota ilmi ba, kuma himmarsu tana kan sarki da waziri da sarkin yaƙi. Talaka ba ya shiga cikinsu sai a ƙidayar ganima.

Da Turawa suka kafa Hukumar Fassara a Kano a 1929, sa'an nan ta koma Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka juya waɗansu daga cikin rubuce-rubucen nan zuwa Hausa, aka buga su a mujalladi biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1932 da 1933, domin 'yan makaranta su sami abin karatu. Gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 ita ce ta zo da abin da ba a zata ba, domin biyu daga cikin littattafan da aka zaɓa tarihi suka ɗauka suka saka masa rai. Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya buɗe Ganɗoki da yaƙin Sarkin Sudan na Kwantagora da Nasara, ya kai jaruminsa har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi a 1903, kafin daga bisani ya sake shi cikin duniyar aljannu.

A ganina, na biyun, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fi cancanta a tsaya a kansa. Wannan matashin malamin makaranta daga Bauchi ya dubi zamanin harin bayi, zamanin da dattawan lokacinsa suka gani da idanunsu, bai zaɓi ya ba da labarin mai harin ba, sai ya bi yaro ƙarami da aka sace, aka kai shi Kano, aka ƙetara Sahara da shi cikin ayarin Larabawa, har Allah ya sa ya zama shaihin malami; kuma ya bi mahaifiyarsa, wadda ta fita neman ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta sha wahalar Murzuk da Tarabulus, ba ta sake ganinsa ba sai ajali ya gabato. Babu wani kundin sarauta da ya taɓa rubuta sunan mace irin wannan, alhali kuwa irinta sun fi a ƙirga, kuma da hawayensu aka yi cinikin da ya arzuta birane. Ba mamaki da Adamu Halilu ya mai da labarin fim a 1976.

Bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da hukumar NORLA a 1953, manyan ƙasa suka ɗauki alƙalami da kansu: Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari. Sai dai zurfafan binciken da ya biyo baya a Jami'ar Ahmadu Bello, irin na Abdullahi Smith wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da na almajirinsa Yusufu Bala Usman a kan Katsina, akasarinsa da Ingilishi ya fito. Haka nan a Nijar, lokacin da Abdoulaye Mamani ya rayar da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Faransanci ya buga littafinsa a 1980. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin jikokin mutanen da aka yi binciken a kansu, masu karanta Hausa a Funtuwa da Dogon Dutsi, su ne har yau suke jiran a mai do musu da shi cikin harshen da kakanninsu suka ba da labarin tun farko.