Manhajar da Babu a Rumbu

Tun da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, al'adar masu Linux ita ce ɗebo manhaja daga rumbun tsarin, inda masu kula ke tantance kowace. Sai dai rumbun ba ya ɗauke komai, sabon abu kuma yakan makara. Shi ya sa aka buɗe wa Ubuntu PPA a 2007, mai manhaja ya ajiye kayansa, mai so ya ƙara adireshin. Masu suka na cewa an buɗe wa ɓarayi ƙofa, ga shi a 2018 an kama muguwar manhaja a AUR, irin wannan hanyar ta Arch Linux. Gaskiya ne, amma a can ana iya karanta PKGBUILD, fayil ɗin umarnin haɗa manhajar, layi-layi kafin girkawa, masu amfani ne ma suka bankaɗo ta. Toshe hanyar zai kora mutane zuwa shafukan da ba mai dubawa.