Wa Ya Gano Kwara? Sarkin Musulmi Bello, Baƙonsa da Wasali Ɗaya

Wata rana da la'asar sakaliya, a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Marke, ɗan ƙanena yana haddar darasin gobe da ƙarfi kamar mai tilawa. Tambaya ce da amsarta: wa ya gano kogin Kwara? Mungo Park. Kakarsa na gefe tana gyaran zogale. Da ya maimaita sau uku sai ta ɗaga kai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ag gano mi? Kwara ɓacewa yay yi?"

An daɗe ana wannan raha, kuma ba a Sakkwato kaɗai ba. Tun kafin a haifi kakan Mungo Park, Sarkawa ke su a cikin ruwan nan, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare shi da jakunansu. Ruwan Rima da ke wucewa ta bayan garinmu ma can yake zuwa, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi ya faɗa Kwara. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai kalmar ce da kanta. Me ya sa muka fassara aikin waɗannan matafiya da "gano", kuma me kalmar take ɗauke da shi wanda ba mu lura ba?

A 1980 wasu masana biyu na Amurka, George Lakoff da Mark Johnson, suka fitar da littafin da ya sauya yadda ake kallon siffantawa. Da ana ɗaukar ta adon harshe, kayan aikin mawaƙa. Su suka nuna cewa da ita mutum yake tunani: abin da ba ya iya taɓawa, kamar ilmi ko lokaci, yakan fahimce shi ta hanyar abin da jikinsa ya sani, kamar tafiya ko gani. Bahaushe shaida ne. Mukan ce wane ya yi nisa a karatu, wane ya yi zurfi, malam kogi ne. In an yi maka bayani ka fahimta, cewa kake "na gane". Ilmi a bakinmu hanya ce, ruwa ne, gani ne.

Turawa suna da nasu hoton. Kalmarsu ta discover asalinta yaye murfi ne, kamar yadda kashfu yake a Larabci. Abu yana rufe, wani ya zo ya buɗe. Hoton yana ɓoye tambaya guda: a rufe ga wa? Kalmar Hausa kuwa ba ta iya ɓoye wannan. Duk aikatau da ya ƙare da wasalin "o" irin wannan yana nuna cewa an yi aikin a can, an nufo nan, inda mai magana yake. Ka saya, ka sayo. Ka ɗauka, ka ɗauko. Ka gani, ka gano. Masu nahawu, bisa rabon da F. W. Parsons ya yi, suna kiransa aji na shida. Saboda haka in aka ce Mungo Park ya gano Kwara, nahawun jimlar yana cewa ya je can ya gani ya kawo labari nan. Ina ne nan ɗin? Landan, inda ƙungiyar da ta aike shi take, wadda aka kafa a 1788 don neman sanin cikin Afirka. Yaron da ke hadda a Ƙofar Marke, wasali ɗaya ya ɗauke shi ya zaunar da shi a bakin kogin Tems, yana hangen ƙasarsa daga nesa.

Park ya ga kogin a Segu a 1796, ya mutu a cikinsa a Busa a tafiyarsa ta biyu, bai san inda ya ƙare ba. Wannan tambaya ce ta kawo Hugh Clapperton Sakkwato. Ya taso daga Tarabulus, ya ratsa Sahara zuwa Barno, ya biyo ta Kano, ya iso nan a watan Maris na 1824, garin bai fi shekara goma sha biyar da kafuwa ba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauke shi. Sunan da aka san shi da shi a hanya Abdullahi.

Abin da ya faru a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kamar yadda Clapperton da kansa ya rubuta, bai yi kama da yaye murfi ba. Baƙo ya fito da madubin hangen nesa da kamfas da na'urar auna tsayin rana da taswirar sama. Sai ya tarar mai masaukinsa ya san buruji goma sha biyu, ya san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Tambayoyi kuma daga ɓangaren Bello suka fi fitowa: rabe-raben Kiristoci, yaƙin Girkawa da Turkawa, abin da Ingila ta yi wa Aljaza'ir, da yadda ta mallake Indiya. Da Clapperton ya komo karo na biyu da kyautar littafin Uƙlidis na lissafi cikin Larabci, Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafi da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Wa ke binciken wa a wannan zama? Ni dai ina ganin kowannensu yana auna ɗan'uwansa, kuma Bello ya fi sanin abin da yake nema.

Shekara goma sha biyu kafin wannan haɗuwa Bello ya rubuta Infaƙul Maisur. Mutane sun fi tuna shi a matsayin tarihin jihadi, amma farkonsa bayanin ƙasa ne: ya bi ƙasashen Takrur ɗaya bayan ɗaya, daga Fur da Wadai da Bagarmi zuwa Barno da Ahir da ƙasar Hausa, har yamma, yana faɗin mutanensu da malamansu. Clapperton ya tafi da wani yanki na wannan bayani, aka fassara shi aka buga a ƙarshen littafin tafiyarsu a 1826, tare da taswirar da aka ba shi a Sakkwato. Wato wani kaso na abin da Landan ta karanta a matsayin ganowa, rubutun Sakkwato ne.

Taswirar nan tana da wani abin ɗaure kai. A kanta Kwara ya karkata gabas, an rubuta cewa shi ne yake isa Masar. Alhali Clapperton ya ce a hira Bello ya zana masa kogin a ƙasa da hannunsa, ya nuna masa yana gangarawa kudu ya faɗa teku. Masana tarihi sun yi ta muhawara. Wasu na cewa mai zanen ya bi tsohon ra'ayin littattafan Larabawa ne, masu haɗa kogunan Sudan da Nilu. Wasu na cewa da gangan aka karkatar da baƙo. Ra'ayi na biyu yana da madogara, domin an hana Clapperton zuwa Yawuri da Nufe, inda zai ga kogin da idonsa, kuma 'yan kasuwar Larabawa da ke gari ba su so a buɗe hanyar teku da za ta kashe musu cinikin Sahara. Ko wanne ne gaskiya, fadar ta fahimci abu guda: sanin hanya dukiya ce, ba a ba kowa. Madugu ma ba ya faɗa wa kowa inda rijiya take.

Zuwansa na biyu bai yi daɗi ba. Ya biyo ta Badagiri da Oyo da Busa, ya iske Sakkwato da Barno suna yaƙi, shi kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyautar makamai zuwa ga Shehu al-Kanemi. Aka karɓe su. Kalmar da ta fi yawo a kansa a lokacin ita ce ɗan leƙen asiri. Ya kwanta ciwo, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a wajen gari.

A nan dole a yi adalci. Lander da ƙanensa John sun shiga kwalekwale a 1830, suka bi kogin daga Busa har teku. Ilmin da ke hannun mutanen bakin kogi kashi-kashi ne. Mai kiransa Joliba ya san nasa, mai kiransa Isa ya san nasa, mai cewa Kwara da mai cewa Oya haka. Haɗa waɗannan a kan takarda ɗaya, da awo, yadda wanda bai taɓa zuwa ba zai iya bi, aiki ne sabo, kuma ba ƙarami ba. Amma a duba abin da ya biyo bayansa. Jiragen ruwa masu tururi sun shigo a 1832. A 1854 Baikie ya nuna cewa da kwinin Bature zai iya shiga kogin ya fito da rai. A 1885 Joseph Thomson ya zo neman yarjejeniya a madadin kamfanin da ya zama na Neja. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, shekara saba'in da shida bayan mutuwar Clapperton. Tambayar da Bello ya yi game da Indiya ba ta banza ba ce.

Me ya haɗa wannan da rubutun kimiyya? Harshen da ake ba talaka labarin kimiyya da shi a Turai ya gaji kayan waɗannan matafiya kusan gaba ɗaya. Abin da ba a sani ba ƙasa ce da ba kowa, masani matafiyi ne, akwai iyaka da ake turawa gaba, akwai tuta da ake kafawa. Mu kuma muna fassarawa. Tun daga littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda sunansa kaɗai ya ɗora halitta a kan wani hoto daban, na aya da ake dubawa a yi tunani, har zuwa labaran rediyo na yau, marubutan Hausa suna zaɓe tsakanin hotuna, ko sun sani ko ba su sani ba. Wani zaɓin ya yi kyau ƙwarai. Wanda ya fara cewa "tauraron ɗan Adam" ya san aikinsa, haka wanda ya raɗa "'yan sama jannati", da ɗan murmushin da ke cikinta. Wani kuwa aro ne kawai. "Yawon buɗe ido" ya koma na masu hutu da kyamara. "Bincike" yana da ƙamshin kwastan da ɗan sanda, mai zazzage kaya. In aka zo kan wata ko duniyar Mas, sai ka ji "mamaye" da "mallaka" sun shigo ba sallama. Maganar kuma ba ta harshe kaɗai ba ce: yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata, amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar abin da suka haƙo a sama, kuma a 2022 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis.

Muna da kalmomin da ba mu gwada ba. Fatauci yana da hotonsa: ayari, madugu, zango, jagora, da sanin cewa duk inda ka sauka garin wasu ne, sai ka yi gaisuwa ka biya fito. Almajiranci ma haka, tafiya ce zuwa wurin wanda ya riga ka sani. Ba na cewa hotunan nan tsarkaka ne, domin hanyoyin da goro ya bi su bayi suka bi.

Ɗaya daga cikin bayin nan shi ne Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu ta Sakkwato a 1853. Bayan shekara biyu ya tafi Turai tare da shi. Ya ga Landan, ya ga Jamus, ya lura da cimarsu da gidajensu da al'adunsu, ya ba da labarin cikin Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Ya je can, ya gani, ya kawo nan. A nahawun Hausa shi ne ya fi cancantar wasalin. Na gaya wa ɗan ƙanena cewa Dorugu ne ya gano Landan, ya yi dariya, ya ce ba za ta fito a jarrabawa ba.