Kwalbar Da Ke Bayan Ƙofa: Tarihin Kashe Kai A Ƙasar Siri Lanka

Yau na ɗan jingine zancen littattafai, zan kai mu wani tsibiri da ke kudu da Indiya, wato Siri Lanka, domin mu dubi tarihin wata masifa da ta cinye masu mutane, da kuma yadda suka shawo kanta.

A wajajen 1950, masu kashe kansu a ƙasar ba su wuce mutum 6 cikin kowane mutum 100,000 ba a shekara. Kafin 1995 adadin ya ninka har sau takwas, ya kai 47 cikin 100,000. A wannan shekara kaɗai sama da mutum 8,000 suka halaka kansu, ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen wannan bala'i.

To me ya faru a tsakani? Mai karatu zai ce ai yaƙi ne, tunda an gwabza yaƙin basasa a ƙasar daga 1983 zuwa 2009. Sai dai alƙaluman sun fara hawa tun kafin yaƙin, kuma sun fara sauka ana tsakiyar fafatawa. Da masana suka bi diddigi, sai sawun ya kai su gona. Tun daga shekarun 1960 aka shigo da noman zamani, da sabon iri da taki da magungunan feshi masu tsananin guba. Kusan kowane manomin shinkafa ya samu kwalba ya ajiye a gida. Shi ya sa abin ya fi ƙamari a yankunan noma irin su Anuradhapura da Polonnaruwa, fiye da babban birnin Kolombo.

Likitocin da suka yi hira da waɗanda suka tsira sun gano cewa da yawa ba su daɗe suna shirya abin ba. Saɓani ne tsakanin miji da mata, ko faɗan uba, ko bashi, ko maye, zuciya ta ɗebi mutum na ɗan lokaci, ga kuma kwalba a bayan ƙofa. Da ba ta nan, da wataƙila kuka zai yi ya kwanta, gari ya waye zuciya ta huce.

Ganin haka gwamnati ta bi ta kan gubar. A 1980 aka yi dokar kula da magungunan ƙwari. A 1984 aka hana shigo da nau'i biyu mafiya haɗari. A 1995 aka haramta sauran waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ajin farko na guba, aka ƙara wani a 1998, sannan wasu uku tsakanin 2008 da 2011. A 1998 kuma aka cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don kada tsoron 'yan sanda ya hana a kai mutum asibiti.

Kafin 2005 adadin ya ragu da rabi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa matakan sun ceci rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Asibitoci sun ci gaba da karɓar masu shan guba, amma yawancinsu suna tashi su koma gida, domin abin da ya rage a kasuwa bai kai na da kisa ba. Manoma kuwa, da aka ji tsoron za su yi asara, amfanin gonarsu bai ragu ba.

Ingila ma ta ga irin wannan. A ƙarshen shekarun 1950 kusan rabin masu kashe kansu a can da iskar gas ta girki suke yi. Da aka sauya ta da marar guba, adadin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1963 da 1975.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne, mu ma kwalbar tana gidajenmu. Sau nawa muka karanta a littattafan soyayya yarinya ta yi barazanar shan fiya-fiya saboda auren dole? Marubutanmu a cikin gari suka tsinci zancen. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a shaguna da kasuwanni, bayan mace-macen matasa da suka tayar da hankali.

A ganina doka kaɗai ba za ta isa ba. Manomi ya kulle maganin feshinsa a wajen gida. Wanda muka ga ya shiga ƙunci mu zauna da shi, mu saurare shi ba tare da gori ba, mu raka shi wurin likita. Kai kuma da zuciyarka ke raya maka wannan, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Marubuta kuma mu daina ƙawata abin a labari.

Allah Ya yaye wa kowa damuwarsa, amin.